Zakaran Gwajin Dafi: Nasiha Ga Mai Zumuɗin Sabuwar Kwamfuta

Ɗana, ranar da Allah ya hore maka kuɗin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, ko daga alawus ɗin bautar ƙasa da ka yi ta tsimi, ko kwasar adashe, ko gudummawar da iyaye suka haɗa maka domin karatu, tambayar da za ta fara zuwa bakinka a gaban mai shago ita ce, "Wacce ce sabuwar fitowa?" Ba laifi ba ne. Ƙuruciya tana son abin yayi, kuma zuciya takan raya wa mutum cewa abin da ya fito jiya ya gyara kurakuran na shekaranjiya. Sai dai a harkar kwamfuta akwai abin da masu ƙera ta suka sani, masu gyaranta suka sani, mai saye ne kawai ba a cika gaya masa ba. Rukunin farko da ke fitowa daga masana'anta na kowane sabon samfuri shi ne matakin ƙarshe na gwaji, kuma wanda ya saya shi ne zakaran gwajin dafi, da kuɗin aljihunsa. Ina so ka ga dalilin haka, ka san irin cututtukan da ke bin wannan rukuni, kafin ka zare kuɗi ka miƙa.

Sunan da kake gani a bayan murfi, HP ne ko Dell ko Apple, sau da yawa ba shi ya harhaɗa na'urar da kansa ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke harhaɗa mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka na duniya, a manyan masana'antun da akasarinsu ke ƙasar Sin, a birane kamar Chongqing da Kunshan. Gilashin fuska daga wani kamfani yake zuwa, batir daga wani, fanka daga wani. Kafin a kai kasuwa ana gwaji hawa-hawa: a ƙera kaɗan a ga ko zanen yana aiki, a ƙara ƙera wasu a yada su ƙasa, a gasa su, a sanyaya su, a sa inji ya yi ta buɗe murfi yana rufewa sau dubbai. Ba sakaci suke yi ba. Lissafi ne yake kayar da su. A ce akwai aibin da ke kama na'ura ɗaya cikin 1,000. Idan 300 aka gwada, abin da ya fi yiwuwa shi ne ko ɗaya ba za ta nuna shi ba, sai a sa hannu a ce lafiya lau. Ranar da aka sayar da miliyan ɗaya kuwa, mutum 1,000 ne ke zaune da matacciyar kwamfuta a cinya. Ga kuma ma'aikatan layin haɗawa da hannunsu bai riga ya faɗa da sabon samfurin ba. Duk mai tuyar waina ta san zubin farko ba ya kai na uku kyau, ƙullun bai canza ba, tanda ce ba ta gama ɗaukar zafi ba.

Kada ka ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin yake samu. A farkon Janairun 2011 kamfanin Intel ya fito da sabon zubin ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Sandy Bridge, aka yi ta yabo, masu ɗoki suka yi rububi. Watan bai fita ba, ranar 31 ga Janairu, kamfanin ya sanar da cewa akwai aibi a na'urar da ke rakiyar ƙwaƙwalwar, wadda ake kira Cougar Point. Wasu daga cikin hanyoyin da ke haɗa ta da ma'ajiyar bayanai suna lalacewa sannu a hankali, har a wayi gari kwamfuta ta daina ganin abin da aka adana mata. Intel ya ƙiyasta gyara da musanya za su ci kimanin dala miliyan 700, ban da miliyan 300 na cinikin da zai rasa. HP da Dell da wasunsu suka dakatar da sayar da kwamfutocin da abin ya shafa. Wanda ya yi haƙuri 'yan watanni ya sayi kwamfuta mai suna iri ɗaya a kwali iri ɗaya, amma da gyararriyar na'ura a cikinta, bai ma san an yi ba. Wanda ya riga kowa saye kuma shi ya fi kowa jira, tasa tana hanyar komawa inda ta fito. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Aibin da ya fi yawa a zubin farko na kuskuren hannu ne, kuma da sauƙi, domin yakan nuna kansa da wuri. Ɗigo ɗaya a fuska da ya ƙi canza launi. Haske da ke tsiyaya ta gefen gilashi idan fuskar ta yi baƙi. Siririn kuka kamar na sauro daga cikin injin idan ɗaki ya yi shiru. Fanka mai gurnani, ko wurin shafa yatsa mai kwaramniya. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi, an cika shi ko an ƙware shi, sai na'ura ta riƙa zafi ba gaira ba dalili. Amma kada ka raina kuskuren hannu. A Fabrairun 2018 Lenovo ya yi kiranye ga ThinkPad X1 Carbon zubi na biyar, kimanin guda 78,000 a Amurka kaɗai, saboda noti ɗaya da ba a ɗaure ba, wanda zai iya yawo a ciki ya huda batir ya haddasa gobara. Waɗanda aka ƙera tsakanin Disambar 2016 da Oktobar 2017 abin ya shafa. Na bayansu lafiya suke. Ka lura da wannan iyaka ta watanni, domin ita ce zuciyar maganar: kwamfuta biyu masu suna ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya ba. Ko a wata ɗaya ma akan samu bambanci. Masu MacBook Pro mai fuskar Retina ta 2012 sun gano cewa wasu gilasan daga LG suke, wasu daga Samsung, kuma koken inuwar tsohon hoto da ke maƙalewa a fuska ya fi yawa a kan na LG, alhali kwali bai gaya wa kowa wanne ya ɗauka ba.

Akwai kuma aibin da ke cikin manhajar da aka binne a jikin na'ura, wanda ake warkarwa ta intanet ba tare da an kwance noti ba. MacBook Pro ta Yulin 2018 ta fito tana rage gudu da zarar ta ɗumama, cikin mako biyu Apple ya amsa kuskuren ya aiko da gyara. Surface Book ta Microsoft ta 2015 ta yi watanni tana ƙin yin barci idan an rufe murfi, mutum ya sa ta a jaka ya ciro ta da zafi, batir ya ƙare. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne sosai, in dai kana da data da wutar da za ta tsaya har sabuntawar ta kammala.

Wanda ya cancanci tsoro shi ne aibin da ke cikin zanen kansa, domin ba ya fitowa sai an ci shekara ko biyu, daidai lokacin da garanti ya ƙare. A 2015 Apple ya fito da MacBook mai inci 12, siririya ƙwarai, kuma don ta ƙara sirancewa ya sake fasalin abin da ke ƙarƙashin madannan rubutu, ya yi masa ƙirar fikafikan malam-buɗe-littafi. Madannin ba ya nitsewa sosai, saboda haka ƙwayar ƙura ko ɓarɓashin burodi ɗaya ya isa ya hana harafi fita, ko ya sa shi fita sau biyu. Kamfanin har shawara ya wallafa cewa a karkata kwamfutar zuwa digiri 75 a fesa mata iska. Idan iskar ba ta yi ba, ba a cire madanni ɗaya a sa wani cikin sauƙi. Sai an canza saman gangar jikin gaba ɗaya, a wasu samfuran har da batirin da ke manne da shi. Sai a Yunin 2018 aka buɗe shirin gyara kyauta. Aka yi kwaskwarima a 2018, aka sake a 2019, daga bisani aka haƙura aka koma tsohon fasali, farawa da MacBook Pro mai inci 16 a Nuwambar 2019, aka kammala a Mayun 2020. A 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. To, ɗana, na'urar da ƙurar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ta gagare ta, ka yi tunanin abin da hunturun Kano ko na Damagaram zai yi mata a watan Janairu, lokacin da ake share tebur da safe a rubuta suna da yatsa a kansa da azahar.

MacBook Pro ta 2016, wadda ita ma ta gaji waɗannan madannai, tana da wata cutar kuma. Siririyar wayar da ke kai wuta ga hasken fuska tana naɗe ne a gaɓar da ke haɗa murfi da gangar jiki, kuma an yi ta ba ta da rara. Duk buɗewa da rufewa tana ɗan ja, har ta fara tsinkewa. Da farko sai ka ga ƙasan fuska ya yi dabbare-dabbare, haske da duhu a jere. Daga baya idan murfi ya wuce rabin buɗewa sai fuskar ta mutu ɗungurungum. Masu gyara na iFixit ne suka baje kolin matsalar a farkon 2019, kuma suka gano cewa a zubin 2018 an ƙara wa wayar tsawon kimanin milimita 2 ba tare da an sanar da kowa ba. Milimita biyu! Kuma da yake wayar a haɗe take da gilashin, gyaran abin da bai kai dala goma ba ya koma canza fuska ta ɗaruruwan daloli. Ka riƙe wannan ɗabi'a ta kamfanoni: sukan gyara aibi a layin masana'anta shiru, tun kafin su amsa a bainar jama'a cewa akwai shi. Mai saye na baya yana cin moriyar gyaran da na farko ya biya kuɗinsa.

Wataƙila ka ce, ai akwai garanti, in ta lalace a mayar. Gaskiya ne, amma ga wa? Mutumin Landan ko New York yana da shagon kamfani a garinsu, yana da dokar da ke tsaye a bayansa, wani lokaci ma har gida ake zuwa ɗauka. Kai kuwa mai yiwuwa wani ɗan uwa ne ya riƙo maka ita daga Dubai ko Amurka, kuma garantin wasu kamfanoni ba ya bin na'ura ya ƙetare iyakar ƙasar da aka saye ta. Ko ya bi, wa zai biya kuɗin aikawa, kuma wa zai rubuta maka furojet a makonnin da take can? Garanti yakan mayar da ƙarfe, ba ya mayar da aikin wata uku da ya tafi da ma'ajiya, ba ya mayar da kwastoman da ya gaji da jiran zanensa ya tafi wurin wani. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin aibi da amsa laifi. MacBook Pro ta 2011 mai mutuwar ƙwaƙwalwar hoto sai a Fabrairun 2015 aka buɗe mata shirin gyara. Mutum nawa ne suka riga suka sayar da tasu a matsayin kayan gyara kafin nan?

Ko ka ce, in kowa ya jira, wa zai gano aibin? Tambaya ce mai ma'ana, kuma lallai sai wani ya shiga gaba. Akwai mutanen da wannan ne sha'awarsu, suna da kwamfuta ta biyu a ajiye, suna jin daɗin kwancewa da ɗaurawa. Kamfanin Framework na Amurka, wanda ya fara sayar da kwamfutar da mai ita zai iya gyarawa da kansa a 2021, bai ɓoye wa irin waɗannan mutane komai ba, rukuni-rukuni yake sayarwa da lamba, kowa ya san a sahun da yake. Na farkon sun sha fama da murfin da ke rangaji saboda gaɓarsa ba ta da ƙarfi, da kuma ƙaramin batirin agogo na cikin allo, wanda idan kwamfutar ta daɗe a ajiye yakan ƙare har ta ƙi tashi. Kamfanin ya fito da gaɓa mai ƙarfi, ya bayyana yadda za a magance matsalar batirin. Abin yabo ne. Amma waɗancan sun shiga ne da idonsu a buɗe, da aljihun da zai iya jure asara. Wanda kwamfuta ɗaya ce jarinsa da makarantarsa da shagonsa, ba shi ya kamata ya ɗauki wannan hidima ba. Gani ga wane ya ishi wane.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce wannan: jira ba ya tsirar da mutum kullum. Wanda ya jira wata shida a 2016 bai kuɓuta daga madannan nan ba, domin aibin ya bi zubi bayan zubi har shekara biyar. Na yarda. Abin da hakan ke koyarwa shi ne a gyara tambayar. Bayan ka tambayi yaushe ta fito, ka tambayi mene ne sabo a jikinta. Samfurin da aka bar masa gangar jikinsa ta bara, gaɓar murfinsa ta bara, madannansa na bara, aka ɗan ƙara masa gudu kawai, ya gaji gwajin da miliyoyin hannaye suka yi wa magabacinsa. Wanda kuwa aka yi masa sabon fasali daga sama har ƙasa, ana tallarsa da cewa ba a taɓa yin siriri kamarsa ba, a nan haɗarin yake taruwa, domin sirantaka tana nufin zafi ya rasa hanyar fita, waya ta rasa rara, komai an manne shi da gam. Wata shida na jira suna tace kuskuren hannu da na manhaja. Aibin zane sai shekara biyu, ko kuma ka zaɓi zanen da ya riga ya ci shekarun. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san kuma da yawanku za su yi murmushi su ce mu ina ruwanmu, ai ta hannu muke saya. To a nan ne maganar ta fi shafar ku. Kwamfutocin da ke cika shagunan Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, zubin farko da na ƙarshe a gauraye suke zuwa, kuma babu abin da ke bambanta su a ido. Masu gyara da suka daɗe a sana'a ba su manta da HP Pavilion dv6000 da dv9000 ba. Ƙwaƙwalwar hoto ta Nvidia da ke cikin kwamfutoci da yawa na wancan zamani tana zaune ne a kan ƙananan ɗigon dalma, kuma ɗumama da hucewa na kullum suna tsattsaga su, sai a kunna kwamfuta fitilu su kama, fanka ta juya, fuska kuwa baƙi ƙirin. A Yulin 2008 Nvidia ya amsa matsalar, ya ware kusan dala miliyan 200. HP da Dell suka aiko da sabuntawar BIOS, wato manhajar nan da aka binne a jikin na'ura, da ke sa fanka ta yawaita juyawa, wanda jinkirta ajali ne kawai. Dabarar da ta yaɗu a wurin masu gyara ita ce a hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi, ta farfaɗo ta yi makonni ko 'yan watanni. Wanda ya sayi irin wannan a ranar da take cikin farfaɗowa, cinikin biri a sama ya yi. Amma mai sayen ta hannu yana da gatan da mai sayen sabuwa ba shi da shi: tarihin samfurin ya riga ya fito fili. Minti goma da waya a hannu, ka rubuta cikakken sunan samfurin da shekararsa ka nemi matsalolinsa, sun isa su nuna maka ko yana da cutar gado. Shi ya sa jerin da manyan ma'aikatu ke saya da yawa, irin su ThinkPad T da Latitude da EliteBook, suka fi kwanciyar hankali. Fasalinsu ba ya saurin canzawa, littafin gyaransu a buɗe yake, kayan gyaransu kuma a wadace.

Idan ka zo saye, zauna, kada ka tsaya a tsaye kamar mai sayen kati. Juya ta ka duba takardar da ke ƙasa, ka kwafi lambar siriyal, ka shigar a shafin kamfanin. Zai nuna maka lokacin da garantinta ya fara da ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Buɗe murfin a hankali tun daga rufe har iyakarsa, idonka a kan hasken fuska, kunnenka a kan gaɓar, ka ji ko tana ƙara. Cika fuskar da fari zalla, sannan baƙi zalla, ka nemi ɗigo da dabbare. Buɗe wurin rubutu ka danna kowane harafi sau da yawa, ka ga ko wani yana maƙalewa ko yana ninka kansa. Soka filashi da caja a kowace kafa. Ajiye ta a kan tebur mai shafe ka ga ko tana rawa, ka duba ko wurin shafa yatsa ya ɗago, domin alamar batir ya kumbura ke nan. Sannan ka kunna bidiyo mai nauyi ka bar shi rabin awa kuna hira da mai shago, domin aibin zafi ba ya gaisawa da mai gaggawa. Idan MacBook ce ta tsakanin 2015 da 2019 mai waɗancan madannai, ka sani shirin gyaran kyauta na shekara huɗu ne daga ranar da aka fara sayar da na'urar, wa'adin ya cika, don haka sai farashin ya sauko daidai da haɗarin.

In kuwa aikinka ya tilasta maka sabon samfuri a makonninsa na farko, akwai irin wannan larura, to ka saya a inda za su karɓa idan ka mayar, kuma a rubuta maka adadin kwanakin a jikin rasit. Kada ka lallaɓa ta a waɗannan kwanaki. Matasa da yawa sukan bar ledar fuska ba su ɓare ba, su riƙa kunna ta kaɗan-kaɗan don tausayi, har kwanakin mayarwa su wuce aibin yana kwance. Ba ta aiki mai nauyi tun ranar farko, ka cika batir ka ƙarar da shi, ka rufe murfi ka sa ta a jaka ka ga ko za ta yi barci. Yi mata rajista a shafin kamfanin da adireshin imel ɗin da kake dubawa, domin ta nan sanarwar kiranye take zuwa, ka ɗauki hoton rasit da na lambar siriyal, kuma aikinka ya kasance yana da kwafi a filashi ko a intanet tun kafin ka fara amincewa da ita.